Tikitin tebur muka biya, a tsaye muka kalli wasa a Legas

Ban so in rubuta wannan ba, don yaron da ya haɗa tafiyar ɗan gari ne, kuma na san mahaifinsa. Amma tun da muka dawo mutum uku suka same ni a shago a Wunti, nan Bauchi, suna tambaya ko su ba shi kuɗinsu na bana, to gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ba zan kama suna ba. Waɗanda suka ga tallarsa a WhatsApp sun san shi, abin da yake karɓa ma kun sani.

Alkawarin shi ne mota zuwa da dawowa, masauki kwana uku, tikitin tebur a babban wasan Disamba da aka yi a bakin teku ta wajen Lekki, sannan yini guda a wurin shaƙatawa na bakin teku da ake kira Tarkwa Bay. Ni ba baƙo ba ne a Legas, ina shiga Computer Village saro waya, amma iyakata Ikeja da Agege. Saboda ƙanena na biya. Ya gama bautar ƙasa, bai taɓa ganin teku ba, kuma mawaƙin da zai rufe wasan shi ne wanda yake kunna mana a shago tun safe har magariba.

Mota ba ta da laifi, masauki ma haka. Mun bar Bauchi cikin hazo, kowa da rigar sanyi, leɓe duk ya tsage. Muna wuce Lokoja aka fara tuɓewa, kafin mu shiga Legas zufa ce ke bin bayanmu kamar watan Afrilu. Washegari a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ƙanena ya manna fuska a gilashi yana kallon gidajen Makoko a tsakiyar ruwa, bai ce uffan ba har muka sauka. Na sa direba ya bi da mu ta dandalin Tafawa Balewa, na ce masa, "Ka ga nan? Nan aka sauke tutar Ingila a 1960, kuma mai sunan wurin yana kwance a garinmu." Har zuwa lokacin, da an tambaye ni, huɗu cikin biyar zan ba wa tafiyar.

Sai daren wasa. An rubuta ƙarfe 7, muka isa tun 6, mu tara. Layi ya yi tsawo amma yana tafiya. Da aka zo kaina, yarinyar da ke bakin ƙofa ta ɗora na'urarta a kan wayata, na'urar ta yi ja. Ta sake, ta sake yin ja. Ta ce an riga an shiga da wannan tikitin tun ƙarfe biyar da rabi. Na ƙanena ma haka. Cikin mu tara, biyu kaɗai suka wuce. Ashe tebur ɗaya mutumin nan ya saya, ya yi ta tura wa mutane hoton tikiti iri ɗaya, har da wasu 'yan Jos da muka gani a gefe suna ta faɗa da irin namu a hannu. Ƙartin ƙofa suka ce mu matsa, ɗaya har ya sa hannu a ƙirjina ya tura ni. Ban ga laifinsa sosai ba, aikinsa yake, amma a gaban ƙanena aka yi, kuma da kuɗina.

Na kira mai tafiyar ya fi sau ashirin. Da farko yana ɗauka: "Yaya, don Allah ka yi haƙuri, ga ni nan a hanya, cunkoso ne." Daga baya waya ta koma a kashe. Awa biyu muna tsaye a kan yashi, kiɗa na dukan ƙirji daga bayan shinge, sauro na cizo, magariba da isha duk a gefen wani mai suya muka yi su a kan kwali. Mai suyan nan ɗan Azare ne, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya ba mu ruwan alwala, shi ya nuna mana ainihin tagar da ake sayar da tikiti, ya hana mu sayen na hannun 'yan bakin titi. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu koma masauki kawai, wallahi ba komai." Muryarsa ce ta hana ni. Na sake cire naira 60,000, na saya mana na gama-gari guda biyu.

A can baya muka tsaya, inda dandamali ke zama kamar akwatin ashana, sai dai mu kalli allon majigi. Ga teburan da muka biya a gaba ana ta kai musu abin sha. Babban mawaƙin bai fito ba sai wajen biyu da rabi na dare, bayan ƙafa ta gama mutuwa. Amma gaskiya gaskiya ce: da ya fito, da makaɗansa na gaske, masu ganga da masu busa, ba a faifai ba, abin ya bambanta da na waya nesa ba kusa ba. Dubban mutane suka ɗauki amshi baki ɗaya, ga iskar teku ta fara kaɗawa, na waiga na ga ƙanena yana rerawa idonsa cike da hawaye. Minti arba'in ɗin nan kam ban yi da-na-saninsu ba.

Tarkwa Bay ma ta sanyaya mini rai. Ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa mai inji, a ɗaura maka rigar ruwa, cikin kamar minti ashirin kun isa. Ruwan wurin bai da haukan sauran bakin tekun Legas saboda shingen duwatsun da aka yi wa mashigar tashar jiragen ruwa, kana zaune kana kallon manyan jirage masu kwantena suna wucewa Apapa. Ƙanena ya ɗanɗana ruwan da yatsa ya tofar, ya cika gora da yashi wai zai kai wa Inna. A nan na fara cewa a raina, to, a bar shi da uku cikin biyar.

Sai dai ko a nan ɗin, yanzu da nake rubutawa na tuna, kuɗin jirgin da kuɗin shiga wurin da na hayar rumfa duk daga aljihunmu suka fita, alhali yana cikin lissafin da muka biya tun Nuwamba. Mutumin bai sake bayyana ba sai ranar dawowa a tasha, yana rantsuwa wai shi ma abokin hulɗarsa ne ya cuce shi. Ko da gaske ne, me ya hana ka tsaya tare da mu a bakin ƙofar? Mata biyu ke cikinmu, ɗaya da mijinta ya ba ka amanarta, ka kashe waya ka bar su a titin Lekki da tsakar dare? A'a, uku ta yi masa yawa. Ɗaya zan ba shi, ita ma don direban da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.

Ya ce zai mayar mini da kuɗin tebur kafin ƙarshen Janairu. Rasit ɗin tiransifa yana wayata, na tura masa sau uku, na kuma je har gida na gaishe da mahaifinsa ban iya buɗe baki na faɗa ba. Saƙonsa na ƙarshe dai shi ne, "Yaya, in sha Allah ranar Juma'a." Juma'a shida ke nan.