Hattara da masu neman "'yan gwajin koto" a Facebook

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ingila da suka fara sha'awar fatsa a bakin kogi, akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan masu kamun kifi, kuma kakarta ita ce lokacin buɗe kamun kifi. Doka ta hana kamun kifin barbel da ire-irensa a kogunan Ingila da Wales daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Ranar 16 ga Yuni ake buɗewa, kowa kuma so yake ya isa bakin kogin Trent ko Severn ko Wye da jakarsa cike da koto, wato abincin da ake jawo kifi da shi. Da wannan ɗokin ake kama mutane.

Ga yadda abin yake. Za ka ga sabon shafi mai tambari mai kyau, da hotunan mutane rungume da manyan barbel, kifin nan mai gashin baki huɗu da ke kiwo a ƙasan ruwa mai gudu. Sai su ce sun haɗa sabon boili (wani dunƙulen koto) da sabon garin koto na musamman don lokacin zafi, suna neman mutum ashirin ko talatin da za su gwada musu kafin ya shiga kasuwa. Wai an zaɓe ka. Kaya kyauta ne, ko kuma rabin kuɗi. Kai dai ka biya "kuɗin rajista" da na aikowa, a kawo maka kilo goma na boili da buhun gari har ƙofar gida, da hula da riga masu sunan kamfani. Idan ka yi jinkiri sai saƙo ya biyo baya: saura gurbi biyu.

Abin da ya sa ƙaryar ke shiga shi ne tana da kamar gaskiya. Kamfanonin koto na ainihi suna da masu gwada musu kaya. Amma waɗanda suke ɗauka mutane ne da aka san su da kamu, masu shekaru a bakin ruwa. Babu kamfanin da zai bi wanda ya sayi sandar fatsa watan jiya yana roƙonsa ya zo ya yi masa gwaji.

Ga wanda bai saba ba, boili ƙwallo ne ƙarami da ake kwaɓawa da garin kifi da semolina da ƙwai, a mulmula shi kamar fura, a tafasa shi kaɗan don bayansa ya yi tauri, ƙananan kifaye su kasa cinye shi kafin babban ya iso. Garin koto kuwa jiƙa shi ake yi a cusa a ɗan keji kusa da ƙugiya, ruwa ya riƙa jan ƙamshinsa zuwa inda kifin yake. Garin kifi mai kyau yana da tsada, shi ya sa kilo ɗaya na boili a shago ke kaiwa fam 10 ko fiye. To wanda ya ce zai ba ka kilo goma da gari da riga da hula a fam 60, har da kuɗin aikowa, daga aljihun wa zai cike gibin?

Mu kuma akwai abin da ya ƙara jefa mu cikin tarkon. Koton da Turawa suka fi sabawa da shi wajen barbel tun da daɗewa shi ne naman gwangwani, kuma yawancinsa na alade ne. Da yawanmu ba ma son taɓa shi, balle mu sa shi a firjin gida, don haka boili da dunƙulen garin kifi muke nema. Wanda ya ce maka kotonsa babu alade a ciki, ka ce ya nuna maka jerin abin da aka haɗa shi da shi a jikin leda. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ku lura da farashin da suke yankawa, domin ba haka kawai suke tsayawa ƙasa da fam 100 ba. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 yana kare wanda ya biya da katin bashi ne idan kayan sun haura fam 100. Haka kuma ƙa'idar da ta fara aiki ranar 7 ga Oktoba 2024, wadda ta tilasta wa bankuna mayar wa wanda aka damfara ta hanyar tura kuɗi, ta ba banki damar cire har fam 100 daga abin da zai mayar. Ka ga mai fam 60 ko 80 yana iya tashi a tutar babu. Sannan ba sa yarda da kati ma. Ko dai ka tura kai tsaye asusun wani mutum da sunansa bai yi kama da na kamfanin ba, ko a ce ka biya ta PayPal amma ka zaɓi ɓangaren 'yan'uwa da abokai "don kada a cire mana caji". Wannan ɓangaren ba shi da kariyar mai saye ko kaɗan. Da ka danna, kuɗi sun tafi.

Wasu ba sa aiko komai, su toshe ka, bayan mako biyu shafin ya sauya suna. Wasu sun fi wayo, sai su aiko da ɗan wani abu don ka rasa bakin ƙara: leda babu rubutu, boili mai launi da ƙarfin turare amma cikinsa gari zalla. Boili iri biyu ne, akwai mai maganin hana lalacewa da ke zama a kanta, akwai kuma wanda dole sai a firiza. Na biyun idan ya yi kwanaki a hanya cikin zafin Yuli, da fumfunarsa zai iso. Kada ku zuba irin wannan a kogi don jin zafin asara. Lokacin zafi ruwa na raguwa, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa ta yi ƙasa, barbel kuma kifi ne da ke saurin galabaita.

Hotunansu ma suna tona musu asiri ga mai lura. Idan shafi ya ce 'yan gwajinsa sun kama wannan kifi a Trent cikin Afrilu ko Mayu, to ko dai hoton sata ne ko kuma sun karya doka, tunda kogin a rufe yake a lokacin. Ɗauki hoton ka sa a binciken hoto na Google. Sau da yawa za ka tarar da shi a shafin wani masunci tun shekarun baya. Sunan kamfanin kuma ka duba shi a shafin Companies House, ofishin rajistar kamfanoni na Birtaniya, kyauta ne. Rashin ganinsa a can ba hujja ba ce ita kaɗai, don ƙananan masu sana'a ba dole su yi rajista ba, amma wanda ke kiran kansa Limited kuma babu shi, magana ta ƙare.

Wasu cikinsu har cewa suke za su "haɗa maka da lasisi". Lasisin fatsa na Environment Agency ne, wato hukumar kula da muhalli ta Ingila, ka saye shi da kanka a shafin gwamnati na GOV.UK. Wanda aka kama babu shi tararsa na iya kaiwa fam 2,500, kuma lasisin bai ba ka izinin shiga ruwan kowa ba, sai ka sayi tikitin kulob ko na mai wurin.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau, ko ya buga 159 a haɗa shi da bankin kai tsaye. Ya adana hotunan hirar da lambar asusun kafin a goge shafin, ya kuma sanar da masu kula da zauren da ya ga tallan a ciki.