Tsakanin Igatpuri da Kopan, ga wanda zan ce ka zaɓa

Ƙanena, tsakanin zaman Vipassana, wato wata hanyar natsuwa da lura da abin da jiki yake ji, na kwana goma a Igatpuri ta Indiya, da kwas ɗin Kopan, gidan ibadar mabiya Buddha a Nepal, da ka tambaya, ka tafi Kopan. Na yi kwana goma a can a shekarata ta biyu a Indiya, kuma ga ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam irinka, wanda yake son ganin yadda mabiya addinin Buddha suke binciken haƙiƙanin zuciya, can ne za ka sami wanda za ka yi wa tambaya ya tsaya ya amsa maka.

Kopan yana bisa wani tudu ne a arewacin unguwar Boudhanath, a gefen birnin Katmandu na ƙasar Nepal, kuma idan gari ya yi garau kana iya hango farar hasumiyar Boudhanath da dukan kwarin daga farfajiyarsa. Lama Thubten Yeshe da almajirinsa Lama Zopa Rinpoche ne suka kafa shi, suka fara koyar da baƙi a 1971, kuma ko da yake na farkon ya rasu a 1984, na biyun kuma a 2023, karatun bai tsaya ba. Ɗariƙarsu ita ce Gelug, wadda Dalai Lama yake cikinta, kuma darasin da suke bi ana kiransa lamrim, wato hawa hanya mataki bayan mataki, tsarin da wani malami daga Indiya mai suna Atisha ya kai Tibet a ƙarni na 11, Tsongkhapa kuma, malamin Tibet da ya rayu daga 1357 zuwa 1419, ya faɗaɗa shi. Na kawo maka wannan ne domin ka san cewa makaranta ce mai silsilar malamai, inda ake ɗaukar muhawara a matsayin rabin karatu. Da yamma za ka ga yaran gidan, masu jajayen mayafai da aski ƙwal, sun watsu a fili bibbiyu, ɗaya a zaune ɗaya a tsaye, na tsayen yana jefa tambaya yana tafa hannu da ƙarfi kamar zai tsaga tafinsa. Ranar da na fara ganinsu na zaci faɗa ne, sai daga baya na ga sun fi kama da almajiranmu idan musu ya kaure a kan wata mas'ala.

Yinin yana farawa da zaman natsuwa kafin karin kumallo, sai darasi da hantsi, sai abincin rana, bayansa a raba mu rukuni-rukuni mu tattauna abin da muka ji, sannan a koma darasi, a rufe da wani zaman da dare. Ana yin shiru daga dare har bayan abincin rana, kwanaki biyun ƙarshe kuwa shiru ne gaba ɗaya. Zama iri biyu suke koyarwa. Akwai na tsayar da hankali a kan abu guda, galibi numfashi, akwai kuma na bincike, inda ake ba ka batu ka juya shi a zuciyarka da hujja har sai ka ga ko zai tsaya.

A zaman farko an ce mu ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma, idan hankali ya kauce mu koma ɗaya. Na shiga da girman kan wanda ya saba karatun dare, amma wallahi ban taɓa wuce huɗu ba. Kafin in ankara ina Zariya a ƙofar gidanmu, ko ina lissafin kuɗin makarantar da ba a turo ba, ko ina tsara amsar da ya kamata in ba wani da muka yi cacar baki wata uku da suka wuce. Mai koyar da mu, wata dattijuwar Baturiya da ta daɗe da ɗaukar mayafin zuhudu, ta zo da kofin gilashi ta zuba ƙasa a ruwan ta motsa, ta ajiye shi a gabanta, ta ci gaba da darasinta ba tare da ta ƙara kallonsa ba. Kafin a tashi lakar ta kwanta, ruwan ya washe. Abin da suke cewa ke nan game da zuciya: asalinta bayyananniya ce mai sani, fushi da kwaɗayi da hassada kuwa baƙi ne da suke gurɓata ta, ba su ne jikinta ba. Washegari aka ce kowa ya tuno wanda ya ɓata masa rai har fushin ya taso, sannan ya nemo inda fushin yake zaune, a ƙirji ne ko a wuya ko a ka, mene ne launinsa, ina iyakarsa. Na neme shi da gaske, ina dubawa yana narkewa, har na rasa abin da zan nuna in ce ga shi. Na karanta shafuka da yawa a kan motsin rai kafin wannan rana, amma ban taɓa tsayawa na dubi nawa ba.

Darasin mutuwa shi ne wanda bai zo mini baƙo ba. Sun kasa shi uku: mutuwa tabbas ce, lokacinta ba a san shi ba, kuma ranar da ta zo dukiya da dangi da jiki ba sa tsinana komai. Turawan da ke rukuninmu wasu har da hawaye, ni kuwa ji na yi kamar ina zaune a wa'azin bayan jana'iza. Inda muka rabu da malaman Kopan shi ne maganar Mahalicci, domin su ba su yarda da shi ba, sun yarda da sake haihuwa, kuma suna cewa babu wani "ni" tsayayye da za a iya kamawa a cikin mutum. Na ɗaga hannu a gaban wani geshe, wato malamin da ya share kusan shekara ashirin yana karatu kafin a ba shi wannan laƙabi, na ce ban gamsu ba, na kawo hujjata. Ya saurara ta bakin tafinta har na gama, ya amsa, na sake mayar masa, ya yi dariya ya ce in riƙe addinina da kyau in ɗauki abin da zai amfane ni kawai. Na sauko daga tudun nan da aƙidata yadda na hau da ita, sai dai na fahimci tasu fiye da yadda littafi ya fahimtar da ni.

Kada in ɓoye maka, wurin bautarsu ne. Zauren darasi cike yake da mutum-mutumai, kuma idan malami ya shigo wasu sukan faɗi ƙasa sau uku. An gaya mana tun ranar farko cewa ba dole ba ne, don haka ni tsayuwa kawai nake yi kamar yadda ake tashi wa babba. Kafin in biya kuɗi na rubuta musu na tambayi batun salla, na kuma kama ɗaki ni kaɗai maimakon ɗakin taro, ko da yake ya fi tsada, kuma lokutan hutu sun ishe ni salloli biyar ɗin nan ba tare da na rasa darasi ba. Kai ma ka rubuta ka tambaya da kanka, sannan ka shawarci malaminka kafin ka yanke.

Igatpuri kuwa, na cika takardarsu, suka ba ni gurbi, na janye. Cibiyar Dhamma Giri ce, a jihar Maharashtra, tafiyar kamar awa uku daga Mumbai a jirgin ƙasa, wadda S. N. Goenka ya buɗe a 1976 bayan ya koyi hanyar a Bama, wato Myanmar ta yau, wurin malaminsa U Ba Khin, ya dawo da ita Indiya a 1969. Kyauta ce, ba ka biyan ko sisi na abinci ko makwanci, kuma ba sa karɓar gudummawa sai daga wanda ya kammala kwas. Ana buga ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, a zauna kusan awa goma a yini, babu magana har kwana tara, babu karatu babu rubutu, kwana uku na farko a kan numfashi, daga na huɗu a koma bin abin da jiki yake ji daga ka har ƙafa. Waɗanda suka yi sun ce zurfinsa ya fi na Kopan, kuma ban musa ba. Amma a rubuce yake a dokokinsu cewa duk wata addu'a da ibada da azumi da jan carbi a dakatar da su har a gama. Sun kyauta da suka faɗa tun kafin mutum ya shiga, ni dai kwana goma ba salla ba ciniki ba ne da zan iya yi ko da kyauta ne.

Ba ka tambayi wannan ba, amma ka yi hattara da dillalai. Mai fasfo ɗin Najeriya, haka na Ghana da Kamaru, ba a ba shi bizar Nepal a filin jirgi kamar yadda ake ba mutanen ƙasashe da yawa, sai ya nema a ofishin jakadancin Nepal tun kafin ya tashi, kuma a nan ne 'yan damfara suke tare hanya. Wani mai shagon tafiye-tafiye a Delhi ya karɓi rupi dubu takwas a hannuna da alƙawarin biza da gurbin kwas gaba ɗaya, ya riƙe fasfona mako biyu, ya dawo mini da shi ba hatimi ba kuɗi, da na rubuta wa Kopan kuma ba su taɓa jin sunana ba. A ƙarshe da ƙafata na je ofishin jakadancin. Haka nan duk wanda ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi a Vipassana, maƙaryaci ne, domin rajistar kyauta ce a shafinsu. Su kuma masu tallar halwar kwana uku a otal mai wurin ninkaya, da alƙawarin za ka ga asalin zuciyarka kafin Lahadi, ɗakin kwana suke sayar maka da turaren wuta.

Ka yi rajista kai tsaye a shafin Kopan na intanet, kuma ka zaɓi kwas ɗin gabatarwa na kwana goma, kada ka fara da na wata guda da suke yi a Nuwamba, wanda yake cika da wuri kuma ya yi wa sabon shiga nauyi. Katmandu tana kan tsayin kusan mita 1,400, saboda haka ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safa, domin zaman safe ba a takalmi ake yinsa ba. Abincinsu babu nama, shinkafa ce da miyar wake da ganye, don haka ka bar kilishi a ɗakinka na makaranta, amma ka saka ƙullin yaji a jaka.