Kiribi ko Limbe: ina Bahaushen Garwa zai nufa?

In ka sauka daga jirgin ƙasan Ngaundere a Yawunde, garuruwan bakin teku biyu na Kamaru ke jiranka, Kiribi da Limbe. Limbe bakin dutsen Kamaru take, yashinta baƙi ƙirin saboda aman wuta, ga lambun itatuwa tun 1892. Da yamma a bakin tekun da ake kira Down Beach ana gasa kifi kan gawayi, a miƙo maka da miyondo, rogon da ake naɗewa a ganye. Sai dai rikicin 'yan aware na yankin ya sa masu iyali ɗari-ɗari.

Ni Kiribi na fi so. Yashi fari fat, kuma kogin Lobe na zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Nan mata ke soya jatan lande da tafarnuwa, yatsunka su yi maiƙo. Masu sassaƙa da sarƙar ƙwanso suna tsuga kuɗi, ka taya da rabi.