Saitin faifan birki mai huji da fad na siramik, fad ɗin ya yi amma faifan kam a'a

Jama'a duk wanda yake shirin canza birkin gaba ya ɗan tsaya ya ji yadda saitin nan ya min, wanda ake haɗawa a kwali ɗaya, faifai biyu masu huji da tsaga da aka yanka musu tun daga kamfani sai fad huɗu na siramik, wato abin da yake matse faifan in an taka birki. Motata ƙarama ce ta yau da kullum, wurin aiki, kai yara makaranta, jefi-jefi tafiya mai ɗan nisa, bana gudu da ita kuma bana jan kaya. Tsohon fad ɗin ya cinye ya koma wajen milimita 3, ɗan ƙarfen nan na jikinsa ya fara ihu duk sanda na taka, faifan ma da bakanike ya auna ya kai lambar da aka buga a jikinsa inda aka rubuta MIN TH, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, kuma in ya kai nan babu maganar kai shi a goge, canzawa ce kawai. Mai sayarwa ya ce min masu hujin sun fi saurin hucewa sun fi kamu ruwa baya kwanciya a kansu, to ni dai birki nake so mai kyau saboda iyali, na karɓa.

Gaskiya da farko na ji daɗi sosai. Fad ɗin shiru, ba ƙara ba ƙugi, baƙar ƙurar nan da take ɓata min rim ɗin gaba lokacin da nake kan fad mai haɗin ƙarfe ta ragu ƙwarai, sai ka wanke mota ta daɗe fes. Har na fara faɗa wa abokan aiki su saya.

Abin da ya sa nake wannan rubutun ya faru ne a wani dogon gangare, ina ɗauke da maiɗakina da yara a baya. Na sauke giya yadda na saba, ina taɓa birki ina saki, kawai sai sitiyari ya fara karkarwa a hannuna, ba ƴar rawa ba fa, karkarwa ta gaske har fedal ɗin yana bugun tafin ƙafata, ga wata ƙara gurrr duk sanda na danna. Wallahi gabana ya faɗi. Motar ta tsaya, ban ce birki ya ƙi ba, amma mutum yana gangare da ƴaƴansa a baya yana jin ƙafar gaba tana girgiza haka, wannan ba abin da zan manta ba ne. Maiɗakina sai salati take tana cewa Baban Yara ka tsaya mana, ni kuma ina neman wurin da zan sauka gefe lafiya. Daga ranar ko a shimfiɗaɗɗen titi in na taka daga gudu 80 sai na ji rawar.

Na koma wajen bakanike raina a ɓace don na zata aikinsa ne. Sai ya tuna min a gabana ya goge tsatsar hob, wato wurin da faifan yake zama, tas kafin ya ɗora faifan, ya wanke man nan da ake shafa wa sabon faifai, ya sa giris a fil ɗin kalifa, wato ƙarfen da yake riƙe fad yana matsa shi kan faifan, ya ɗaure notin taya da sifana mai awo ɗaya nan ɗaya can yadda ya kamata. Kuma tare muka fita zaunar da fad, a taka daga wajen 60 a sauko ƙasa-ƙasa ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita, sannan a bar shi ya sha iska. Duk an yi. Ya cire taya ya haska tocila ya ce oga zo ka gani da idonka. Siraran tsagu ne kamar gashi suna fita daga bakin hujin, a faifan hagu har akwai wadda ta kusa haɗa huji biyu, fuskar faifan kuma dabbare-dabbare, wani wuri shuɗi wani wuri baƙi. Da ya auna kauri zagaye, ba ɗaya ba ne, shi ne yake sa fad ya kama ya saki ya kama ya saki, kai kuma kana ji a sitiyari.

Ya min bayanin da na gamsu da shi. Faifan birki narkakken ƙarfe ne na zubi, aikinsa ya haɗiye zafi ya fitar, in ka huda shi ka rage masa nama, kuma kowane huji wuri ne da tsaga take samun farawa idan ya yi zafi ya huce ya yi zafi ya huce. Motoci irin su Porsche suna fitowa da masu huji tun daga kamfani amma faifan su an tsara shi ne da hakan, babba ne, ƙarfen mai kyau ne. Wannan nawa faifai ne na yau da kullum kawai aka bi shi da na'urar huji don ya yi kyau ta cikin rim. A mota irin tawa wadda birkin gaba ne yake ɗaukar mafi yawan aiki, faifai sumul mai ramukan iska a tsakiya ya isa har ya yi saura.

Na tura wa mai sayarwa hotuna, amsar da na samu wai tuƙina ne, wai ina cin birki. Haba. Tsohon faifan da ya zo da motar shekaru ya yi a wannan ƙafar tawa bai taɓa tsagewa ba. Maganar waranti kuma da aka min lokacin saye sai ta koma ai birki kayan cinyewa ne ba ya ciki.

Da na ce fad ɗin ya yi, to shi ma bari in gyara magana don yanzu da nake tunawa ba gaba ɗaya ba. Da sassafe takun farko baya kamawa da ƙarfi sai ya ɗan ɗumama, mai haɗin ƙarfe ya fi shi cizo a nan. Kwalin bai zo da sabbin kilif, ƴan ƙarafan da fad yake zama a ciki, ba sai tsofaffin aka goge aka mayar, kuma na duba jikin fad ɗin da kwalin ban ga alamar R90 ta Turai ba, wadda take nuna an gwada shi ya yi kusa da na asali. Tsagar faifan kuma ta ci shi da sauri ta ci shi a karkace, dole shi ma aka zubar tunda ba a ɗora cinyayyen fad kan sabon faifai. Kenan sayayya biyu kuɗin aiki biyu.

Yanzu faifai sumul ne a motar hagu da dama, da fad mai R90 a jiki, rawa ta tafi, ƙura ta ɗan dawo amma na yarda in riƙa wanke rim. Wanda ya riga ya sa masu hujin don Allah ya sa a cire taya a haska bakin kowane huji, kar ya jira sai sitiyari ya faɗa masa. Fad na ba shi tauraro uku, faifai tauraro ɗaya, shi kuma mai sayarwa har yau saƙona na ƙarshe yana nan ya buɗe bai amsa ba.