Na gwada ƙirƙirarriyar basira a darasin limit na 'yan SS2

Duk malamin lissafi ya san ranar da ɗalibai ke fara yamutsa fuska: ranar da aka ce musu sifili bisa sifili ba amsa ba ce. Zangon da ya wuce na riƙa shirya darasin limit, wato adadin da amsar lissafi ke kusanta yayin da x ke matsawa kusa da wata lamba, da ɗaya daga cikin manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, don 'yan SS2 da nake koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, nan Kaduna.

Wajen jera lambobi kam, ba ta da wasa. Na ba ta (x² − 1)/(x − 1), na ce x na kusantar 1, tunda saka 1 ɗin kai tsaye sifili bisa sifili yake bayarwa. Nan take ta jero: 0.9 ya ba da 1.9, 0.99 ya ba da 1.99, 1.01 ya ba da 2.01. Na kwafe a allo, ban ce uffan ba. Can sai wata yarinya daga kujerar baya ta ce, "Malam, ai 2 yake nema ta ko'ina, isa ne dai ba zai yi ba." Daga nan raba x² − 1 zuwa (x − 1)(x + 1) ya zo musu da sauƙi. Tana kuma zubo tambayoyin gwaji masu kama da na WAEC, sai dai in tace.

Matsalar ta taso ne da yara suka fara tambayarta da kansu a wayoyin gida. Na ba da aikin gida kan sin x bisa x idan x na kusantar sifili, sai ga littattafai cike da dokar L'Hôpital, wata hanyar warware irin wannan limit da ke buƙatar differentiation, wato lissafin saurin canji a kalkulas. Amsar 1 ce, daidai ne. To amma yaran da ko fara differentiation ba su yi ba, ina suka san ta? Abin dariyar ma, ita wannan limit ɗin da ita ake tabbatar da cewa sin x na komawa cos x a differentiation, matakin da ita dokar ke dogara da shi a nan, wato an ɗora doki a bayan keke. Kuma manhajar ba ta ja musu kunne kan radiyan ba, ma'aunin kusurwa da sai da shi amsar ke zama 1. Wanda kalkuletarsa ke kan digiri sai ya ga 0.0175, ya zo yana rantsuwa littafi ne ya yi kuskure.

Bayaninta da Hausa ma sai a hankali, Turancinta ya fi tsafta. Yanzu ni kaɗai ke zama da ita da daddare, in gindaya mata sharaɗin kada ta wuce tsarin karatun SS2. Aikin limit kuwa a cikin aji ake yin sa, a gabana.