Hadari a bango: abin da na gani a Oslo

Yaya, gaisuwa da fatan alheri. Ka ce in duba maka irin hotunan da mutanen nan Norway ke ratayawa a ɗaki da yadda ake yi musu firam, ko za ka samu abin ƙarawa a shago. To ga abin da idona ya gani.

A gidajen dattawa da ofisoshi na sha cin karo da hoton hadari: gajimare baƙi ƙirin, tsauni, teku na tumbatsa, wani lokaci ɗan jirgin ruwa can ƙasa kamar zai nutse. Mu a gida hadari albishir ne ga manomi. Su kuwa nan fuskar ƙasarsu suke gani a ciki. A 1814 Norway ta fita daga hannun Denmark ta rubuta tsarin mulkinta, sai kuma aka haɗa ta da Suwidin har 1905. A tsakanin nan masu zane suka shiga nuna wa duniya cewa wannan ƙasa daban take, kuma tsaunuka da guguwa suka riƙe a matsayin shaida.

Uban tafiyar shi ne Johan Christian Dahl, ɗan masunci daga Bergen, an haife shi a 1788. Abin dariya, a Dresden ta Jamus ya yi yawancin rayuwarsa, sai dai ya zo ya zaga ƙasar da takardar zane ya koma can ya ƙarasa. Kai ka ce irinmu ne 'yan ci-rani. Akwai zanensa na 1849 da ke Bergen, wata bishiya guda a bakin gangare iska na neman tumɓuke ta. Amma ni Peder Balke ya fi kama mini hankali. A 1832 ya bi teku har ƙuryar arewa, ya shafe sauran shekarunsa yana zana abin da ya gani. Idan ka matsa kusa da ƙananan zanensa na baƙi da fari za ka ga ba buroshi kaɗai ya yi aikin ba: ya goge ɗanyen fenti da tsumma, ya dangwala yatsa, farin ƙasan allon ya fito ya zama kumfar teku. A zamaninsa ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. A 2014 sai ga babban gidan zane na Landan ya shirya masa baje koli shi kaɗai.

Na ga zanen Balke a nan Oslo, a gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe sabon gininsa a 2022 kusa da bakin ruwa. Hidimar wurin ce ta sa na yi shiru. Akwai akwatin ajiye jaka, akwai kujera mai naɗewa da tsoho zai ɗauka ya zauna gaban zanen da yake so, ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya biyan ko sisi. An saita haske da sanyin ɗakin don kada fenti ya tsage. Na tuna Gidan Makama, kayan tarihin da ke ciki ba su gaza waɗannan daraja ba, kulawar ce ba ɗaya ba.

Yanzu ga naka ɓangaren. Hoton da aka buga a takarda ba shi da tsada idan ka auna da albashin nan. Firam na kanti ma haka, muddin hotonka ya dace da awon da aka saba, kamar santimita 50 da 70. Amma ranar da ka ce a yanka maka katako da gilashi daidai awonka, ranar za ka san kana Norway. Na kai wani ɗan hoto wurin mai firam, kuɗin da ya faɗa ya ninka na hoton sau da yawa, ga harajin kashi 25 a ciki, kuma babu zancen "rage mini". Ya ce in dawo bayan mako biyu. Aikin da yaranka za su gama kafin la'asar ke nan. Nan kaya araha, hannu tsada.

Gaskiya dai aikinsa ya yi kyau. Yana sa farin kwali mai kauri tsakanin hoton da katako don kada takarda ta manne da gilashi, gilashin kuma ba ya ɗaukar ido. Wannan kwalin nake so ka gwada, ba zai ci maka kuɗi ba kuma yana ɗaga hoto ƙwarai. Ina ganin zanen hadarin zai karɓu wurin masu ƙyamar rataya hoton mai rai, sai dai ka zaɓi wanda babu mutum ko doki a ciki, don Dahl yakan sa su ƙanana a gefe. Zan naɗo maka 'yan kaɗan a kwali in ba mai tahowa. Ka aiko mini da awon gilashin da ka fi samu a Sabon Gari kafin in saya.