Sukar jama'a a waya da gyaran ƙwararre a kan takarda: wanne ke gyara hannu?

Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada ta tambaya. Tana zanen fuska da fensir don nishaɗi in ta taso daga aiki. In ta saka a Facebook wasu su ce masha Allah, wasu su ce bai yi kama ba, har gwiwarta ta fara sanyi. Ta ci gaba da sakawa ne, ko ta nemi wanda ya iya ta riƙa nuna masa?

Ƙanwata, kowannensu da abin da idonsa ke iya gani.

Wajen gane kama, jama'a ba sa ƙarya. Tun mutum yana goye yake karanta fuska, don haka in mutum biyar da ba su san juna ba suka ce hancin nan da wani abu, to da wani abu. Sai dai inda suke nunawa ba lallai nan ciwon yake ba. Hancin da aka ce ya yi tsawo, galibi idanu ne aka ɗaga sama. A fuskar baligi idanu suna tsakiyar kai in an auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa. Tsakanin ido da ido kusan faɗin ido ɗaya ne, ƙasan hanci yana wajen rabin tazarar gira zuwa haɓa, kunne kuma daga gira zuwa ƙasan hanci. Mai koyo yakan cinye goshi saboda ido ne ke ɗauke masa hankali. Ƙwararre fensir kawai zai ɗora a kan takardar ya auna, ya nuna miki cikin minti biyu. Mai danna waya ba zai yi miki wannan ba.

Sannan jama'a ba zanenki suke gani ba, hoton zanen suke gani, kuma nan ake yi wa masu zane da yawa sukar da ba tasu ba. Fensir masu laushi da baƙi, wato 6B da 8B, in an danna su sosai ƙyalli suke yi, filasha ta bugi wurin, baƙin gashi ya fito kamar furfura. In kika karkata waya kaɗan, sai goshi ya faɗaɗa, haɓa ta tsuke. Ki shimfiɗa takardar a inuwa kusa da taga, ki kashe filasha, ki riƙe wayar daidai saman tsakiyar zanen, ki goge idon kyamara, musamman da hunturu da ƙura ke hawa kan komai. Inda kike son baƙi wuluk marar ƙyalli, fensirin gawayi za ki sa, kuma shi za ki fara sawa, domin gawayi ba ya kama wurin da fensir ya riga ya yi santsi.

Wanda ya riƙe takardar a hannunsa yana ganin abin da hoto ke ɓoyewa: ramin da fensir na yau da kullum, wato HB, ya bari inda kika danna, maiƙon yatsa inda kika murza inuwa da hannu maimakon auduga, fuskar takarda da kilina ta ci. Zai gaya miki takardar fotokofi mai giram 80 (awon nauyin takarda) ba ta jure yawan gogewa, ki koma mai 160 zuwa 200. Aibinsa shi ne yakan ja ki zuwa salon hannunsa, kuma lokacinsa ba naki ba ne. Samunsa a nan ba wuya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, garin da ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma waɗanda suka gama can suna nan cikin Kaduna. Kada ki raina masu zanen allon talla na bakin titi, wajen awo da daidaita layi hannunsu ya faɗa.

Yabon masha Allah ba ya gyara layi ko ɗaya, amma wanda ke zane don ya huta ba don ya sayar ba, shi ke sa ya sake fere fensir gobe, kada a raina shi. Mai zagi ba a amsa masa. Masu cewa zana mai rai bai halatta ba kuwa, wannan magana ce ta malamai, ki kai ta wurin malamin da kika yarda da shi. Akwai masu zane da yawa da suka tsaya ga zayyana, rubutun Larabci, dagin Arewa, gine-gine da tsirrai.

A ganinmu ki haɗa biyun, amma bi da bi. In kin gama shata fuskar da 2H (fensir mai tauri, marar baƙi sosai) ko HB a sassauce, ki duba ta a madubi, karkatar baki da ido nan take za ta bayyana. A wannan matakin za ki kai wa ƙwararre, kafin ki sa inuwa, domin bayan inuwa matsar da ido sai an ɓata takarda. Jama'a sai an gama. In za ki nuna musu, kada ki ce "ya kuka gani?" Ki sa hoton asalin a gefe, da izinin mai shi, ki ce "ina ne kamannin suka ɓace?" Abin da mutum uku suka maimaita ki rubuta shi a bayan takardar, ki gwada shi a zane na gaba.